Shaidar Takarda a Kan Niyyar Mamaci

A shekarar 1949, sa'ad da masanin halayyar ɗan Adam Edwin Shneidman yake bincike a ma'ajiyar ofishin binciken sanadin mutuwa na Los Angeles, a ƙasar Amurka, sai ya tarar da ɗaruruwan wasiƙu waɗanda mutanen da suka halaka kansu suka bari; daga baya shi da Norman Farberow suka ware 33, suka jera su da waɗansu 33 da rayayyu suka ƙaga bisa umarni, domin a ga ko lafazi kaɗai zai rarrabe sahihi da jabu. Abin da ya bayyana yana da ban tausayi, domin kuwa masu ƙagawa sun fi karkata ga falsafa da dogon bayanin dalili, alhali masu tafiyar gaske sun shagala da ƙananan al'amura, irin su bashin da za a biya da wanda za a miƙa wa makulli.

To, amma alama daban, yaƙini daban. Malamanmu na Malikiyya sun karɓi shaida a kan rubutun hannu, suna sane da cewa iyakar abin da take tabbatarwa shi ne wane ya riƙe alƙalami. Ko da son ransa ya riƙe, ko bisa tilas ko yaudara, wannan mas'ala ce ta dabam, wadda tawada ba ta da bakin amsa ta.

Shari'ar Eddie Gilfoyle a Ingila ita ce misalin da ya fi tsaya mini a rai. A 1992 aka sami matarsa Paula a rataye, da tsohon ciki, ga kuma wasiƙar ban kwana wadda babu jayayya rubutunta ne. Masu ƙara suka ce mijin ne ya yaudare ta ta rubuta, wai yana bukatar misali don wani kwas, aka kuwa ɗaure shi a 1993. Farfesa David Canter, wanda da farko ya ga lafazin bai yi kama da na mai nufin mutuwa ba, ya sake nazari ya sauya ra'ayi, abin da a ganina ya cancanci yabo, domin zanni ne ya kira zanni. Sai dai kotun ɗaukaka ƙara a 2000 ta ƙi karɓar irin wannan shaida gaba ɗaya. An saki Gilfoyle a 2010 yana kan musunsa, ba tare da an soke hukuncin ba.