Ladan Kuturu a Gonakin Runka

Karin maganar da ke cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski ba ta buƙatar dogon sharhi, domin wanzamin da ya riga ya karɓi kuɗi ba shi da bakin cewa kan ya ba shi ƙyama. Abin dubawa shi ne yadda ta zama makami a bakin masu gonaki a yankin Runka ta ƙaramar hukumar Safana, da ƙauyukan Batsari da ke gefen dajin Rugu, duk lokacin da kaka ta kama kuma 'yan jinga suka ƙi komawa gonar da suka karɓi kuɗin aikinta.

Jinga ita ce a yanke wa aiki farashi gaba ɗayansa, a gama shi ko a kwana nawa ne, saɓanin ƙodagon yini wanda ake biya da yamma, da kuma gayya wadda ladanta tuwo ne da ramuwa. Ayarin samari yakan karɓi kafin alƙalami, wato wani kaso na kuɗin da ake bayarwa tun ba a fara ba, su bar wa iyali cefane, su fita bayan sallar asuba da magirbi da wuƙaƙe, su kwantar da gero a watan Satumba, in ya sha iska su yanke zangarniya su ɗaure dammuna, sannan su jira dawa wadda ba ta nuna sai sanyi ya shigo. Mai gona, wanda sau da yawa rashin tsaro ya riga ya kora zuwa Dutsin-Ma ko Katsina, ta waya yake bin aikin, kuma ta wayar yake jefo karin maganar idan aka ce masa an ga baburan 'yan bindiga a bakin daji.

Lamarin masu injin sussuka ya fi fito da matsalar fili. Injin ba ya tafiya da kansa, sai an jawo shi da shanu ko mota an girke shi a tsakiyar gona, mutum ɗaya yana ɗura zangarniya, wani yana tare hatsi a bakin buhu, wasu suna jan ƙaiƙayi gefe da rawani naɗe a hanci, wani yana ɗinke buhuna da babbar allura, kuma kowa sai ya yi ihu kafin na kusa da shi ya ji. Ƙarar da ke hana su jin juna ita ce ke sanar da duk wanda ke cikin daji cewa akwai hatsi a buhu da mutane a wuri guda. Mai magirbi yana iya yar da shi ya ruga, amma mai inji ba ya iya barin jarin da wataƙila da bashi ya saya, don haka shi ne na ƙarshen gudu. Ga kuma mai: a 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 har da Batsari da Safana, sannan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya ninka kuɗin da ake ƙonawa a kan kowane buhu. Jingar da aka yanke da damina, kenan, ba lallai ba ne ta zama ita ce aikin da aka tarar da kaka.

A nan kwatancen yake rauni, domin wanzami ya ga kan kafin ya miƙa hannu, kuma kan ba ya sauyawa tsakanin biya da aski. Malaman fiƙihun Malikiyya, wanda shi ake bi a ƙasar Katsina, sun yarda cewa ijara, wato ɗaukar mutum aiki a kan lada sananne, tana warwarewa idan aikin ya gagara, a biya gwargwadon abin da aka yi.

Sai dai mai gona ma yana da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Babu ɗan Runka da bai san halin dajin ba ranar da ya karɓi kuɗi, da yawa ma sun tsawwala farashi saboda shi, kuma dawar da aka girbe aka bari a ƙasa rabon gara ce da dabbobi. Akwai kuma ayarin da ke karɓar kafin alƙalami a gonaki uku, ya fake da labarin babura ya tafi inda aka fi biya. Idan kuɗin hannu bai ɗaure kowa ba, masu gonaki za su daina bayarwa, kuma talakan da ke cefane da shi ne zai fara ji a jikinsa. Masu unguwanni da ake kai wa irin wannan ƙara sukan raba asarar biyu, ba don sun gano mai gaskiya ba, sai don babu mai iya tabbatar da ko baburan sun zo. Idan kuwa suka zo ɗin aka tafi da ɗan jinga, dangi ne ke sayar da akuya da gona su haɗa kuɗin fansa, kuma har yanzu ba a saba jin an sa wannan a cikin farashin jinga ba.