Gwiwar da Aka Haifa da Ita

A gidanmu ba a taɓa gardama kan ɗori ba. Mutum ya faɗo daga babur, ƙashi ya karye, a haɗa shi ya koma yadda yake, shi ke nan. Gardamar ta taso ne a kan gwiwar ’yar ƙanwata, yarinya ’yar sakandare da ba ta faɗo daga ko’ina ba. Juyowa kawai ta yi da bokitin ruwa a hannu, ƙoƙon gwiwarta ya goce gefe. Da aka miƙar da ƙafar ya koma, ba a jima ba kuma ya sake gocewa.

Bayan an ɗauki hoto, likitan ƙashi ya yi mana bayani. Ƙoƙon gwiwa yana zirga-zirga ne cikin wani kwarmi a ƙarshen ƙashin cinya, wata jijiya kuma tana riƙe da shi ta ciki don kada ya fita waje. Nata kwarmin ba shi da zurfi, jijiyar kuma ta yage tun gocewar farko. Tun 1994 Henri Dejour da abokan aikinsa a birnin Liyon na Faransa suka lissafa siffofin irin wannan gwiwa: kwarmi marar zurfi, ƙoƙon da ya hau sama ko ya karkace, da tazarar da ta kai milimita 20 tsakanin kwarmin da inda jijiyar ƙoƙon ta kama ƙashin ƙwauri. Galibi da su mutum yake tasowa.

Nan Baffanmu ya samu abin kamawa. “To kun ji,” in ji shi. “Karaya ake ɗorawa. Abin da aka haifi mutum da shi kuwa haƙuri ake yi.” Ya tuna mana aya ta 119 a Suratun Nisa’i, inda aka ambaci canza halittar Allah cikin ayyukan da Shaiɗan ke umarni da su.

Ban ɗauki maganar da wasa ba. Wani ɗan’uwa ya kawo labarin sahabi Arfaja ɗan As’ad, wanda aka sare wa hanci a yaƙi, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya. Amma wannan hujja ba ta ture Baffa ba, domin Arfaja yana da hanci aka raba shi da shi. Ita kuwa yarinyar nan ba ta taɓa mallakar kwarmi mai zurfi ba, balle a mayar mata.

A ganina tambayar ita ce, me ake nufi da halittar gwiwa? Siffar da ta zo da ita ce, ko aikin da aka yi ta dominsa? An yi gwiwa don tafiya, da durƙusawa, da sujada. Wadda ta kasa waɗannan, gyara ta komar da ita ne kan abin da aka nufa da ita, ba ƙorafi ba ne ga Mahalicci. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta bi wannan hanya a zamanta na Malesiya a 2007, inda ta halatta tiyatar gyara naƙasar haihuwa, irin tsagaggen leɓe da yatsan cindo, da dawo wa gaɓa aikinta.

Abin da ya fi gamsar da ni kuwa a ɗakin likita na gan shi. Likitan ya kwantar da yarinyar, ya ɗan lanƙwasa gwiwar, ya sa babban yatsa ya tura ƙoƙon waje a hankali. Bai kai ko’ina ba ta zabura, ta damƙe hannunsa, idanu a waje: “Likita, don Allah bari, zai fita!” Ashe tsoron nan shi ne gwajin. Da shi take hawa bene, da shi take sauka zuwa sujada, har ta koma salla a kujera. Shari’a ta ba ta dama, kamar yadda aka ba Imrana ɗan Husaini lokacin da basur ya dame shi. Sai dai rangwame ba ya hana neman magani, kuma duk gocewa na iya kankare guringuntsi, ta jawo ciwon gaɓa tun da ƙuruciya. Haƙuri da gwiwar wani ba wuya gare shi, musamman ga mu da ba a tura mana ƙoƙo ba.

Likitan ma bai yi gaggawar ɗaukar wuƙa ba. Ya ba ta takalmin gwiwa, ya tura ta sashen gashi don ƙarfafa tsokar cinya da ta ƙugu. Ya ce in gocewar ta ci gaba, za a ciro jijiya daga bayan cinyarta a maye gurbin wadda ta yage. Da Baffa ya ji cewa daga jikinta za a ciro, ya yi shiru, sannan ya tambayi nawa ne kuɗin aikin, kuma wata nawa za ta yi kafin ta koma makaranta.