Ranar Da Ba Mu Je Ko'ina Ba



'Yan uwa, tunda Sallah ta ƙarato tambayoyi suke ta shigo mani daga Batsari da Safana: Malam, ya halatta in kai iyali Gidan Zoo da wuraren lilo? Malam, idan mun je Kano ƙasaru za mu yi ko cikawa? Zan amsa in sha Allahu, amma bari in fara ba ku labarin kuskuren da ni kaina na tafka.

Wata ƙaramar Sallah da ta faɗo a tsakiyar zafin bazara, na tattara 'yan kuɗaɗena na kwashi iyali muka nufi Kano, muka sauka gidan Goggona. Tun daga gida na tsara komai a takarda. Ranar farko Gidan Zoo na Audu Bako, a ga zaki da giwa, a hau lilo. Rana ta biyu Ado Bayero Mall da Gidan Makama. Ta uku Dutsen Dala da Kasuwar Kurmi. Ta huɗu Kantin Kwari da zagayen dangi. Lissafina shi ne: kuɗin mota ya yi tsada, ba kullum ake samun zuwa ba, don haka kada minti ɗaya ya tafi a banza.

Kwana biyu muka yi muna fita da hantsi, mu dawo bayan Isha'i. Ga rana, ga cunkoso, ga dogon layi kafin yaro ya hau lilo na 'yan mintuna. Azahar da La'asar kuwa a gurguje, ido ɗaya a kan yara, ido ɗaya a kan takalma. A rana ta uku, wallahi hasken rana ne ya tashe mu. Ni da nake jan mutane sallar Asuba a gida, ni ne na makara. Jikin ƙaramar yarinyata ya yi zafi, ƙafafun uwarsu sun kumbura, amma duk da haka na ɗaga murya ina cewa a shirya, ai kuɗi na kashe.

Sai Goggo ta kira ni daga tsakar gida. Ta ce: "Kai ɗan nan, zo nan. Hutu ka kawo yaran nan ko aikin gayya? Daren da kuka zo, babur ya wuce ta bayan gida, babban ɗanka ya zabura ya miƙe zaune yana zare ido. Sai jiya na ji yana minshari. A can garinku yaushe rabonsu da barci irin wannan? Ka bar su."

Na yi shiru. Na yi shekaru ina karatun Larabci a jami'a, amma a ranar tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ce ta karantar da ni.

Mu mutanen gefen Dajin Rugu mun san abin da take nufi. Mun san abin da ya faru a Tsauwa da Dankar a watan Fabrairun 2020, da sauran garuruwan da ba za su lissafu ba. Yaranmu da yawa sun tashi suna barci da kunne ɗaya a buɗe. Ashe babban abin da na kai su Kano su samu ba giwa ba ce, dare ne wanda za su kwanta ba tare da fargaba ba. Ni kuma ina ƙwace masu shi saboda takardar da na rubuta.

To me addini ya ce?

Da farko, kai iyali kallon abin da yake halal ba laifi ba ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa a ranar Idi mutanen Habasha suna wasa da masu a masallaci, Manzon Allah (SAW) ya tsaya yana kare Nana A'isha (RA) tana kallo ta bayansa. Ku lura da abu ɗaya: bai janye ba sai da ita ta gamsu. Ma'aunin shi ne halin da take ciki. Mu kuwa ma'auninmu shi ne kuɗin tikitin da muka biya.

Na biyu, tafiya kanta wahala ce. A hadisin Abu Huraira (RA) da ke cikin Muwaɗɗa da Bukhari da Muslim, an siffanta tafiya da yankin azaba, saboda tana tauye wa mutum cinsa da shansa da barcinsa. Wannan a kan babba ne. To ina ga ɗan shekara huɗu, ko mace mai goyo?

Na uku, Annabi (SAW) yana la'akari da mai rauni a cikin ayari. Lokacin da Anjasha yake zaburar da raƙuman da ke ɗauke da mata, ya umarce shi ya sassauta, ya kamanta matan da kayan gilashi masu saurin fashewa. A Sahihu Muslim kuma ya yi umarni cewa idan ana tafiya a lokacin da ƙasa ta yi ciyawa, a bar raƙuma su samu rabonsu. Idan raƙumi yana da haƙƙin a tsaya masa, ɗanka da matarka fa?

Kada wani ya ce na ƙirƙiro ranar hutu a addini. A'a. Suratu Ƙaf aya ta 38 ta kore wa Allah gajiya bayan halittar sammai da ƙasa. Mu ne masu gajiya, domin Suratun Nisa'i aya ta 28 ta gaya mana an halicci mutum da rauni. Wanda ya huta, ya yarda cewa shi bawa ne.

Maganar makara kuwa, gaskiya ne ta taɓa faruwa ga Annabi (SAW) da sahabbai a hanyarsu ta dawowa daga Khaibara, barci ya kwashe Bilal (RA) da ke gadi, suka yi sallah bayan rana ta fito. Wanda barci ya rinjaya ba shi da zunubi, ya sallata idan ya farka. Amma wanda ya ga tsarinsa ne ke jawo makara, kuma ya ci gaba da shi gobe da jibi, to ya binciki kansa.

A ranar dai ba mu je ko'ina ba. Yara suka yi barci har suka gaji. Aka duba jikin yarinya, aka ba ta magani da ruwa sosai. Na tafi masallacin unguwa da babban ɗana, muka yi salloli a kan lokaci. Da yamma Goggo ta shimfiɗa tabarma tana ba su labarin kakansu. Yau idan ka tambaye su tafiyar Kano, wannan tabarmar suke fara ambata kafin zaki.

Don haka shawarata ga magidanta:

1. Idan tafiyar ta kai kwana uku ko huɗu, ka ware kwana ɗaya a tsakiya wanda babu fita. Ka sa shi cikin tsari tun daga gida, kada ka jira sai wani ya kwanta ciwo.

2. Ka gina fita a kan lokutan sallah. A fita da sassafe, a dawo kafin rana ta take, a yi ƙailula.

3. Ka tambayi uwargida. Kai kana riƙe da kuɗi, ita tana riƙe da goyo da jaka da wanki. Ranar hutun ta zama tata ce ita ma, ba ranar da za ka bar ta da wanke-wanke kai ka tafi majalisa ba.

4. Kada ka gajiyar da iyali don a samu hotunan ɗorawa a Facebook. Ka tuna maƙwabcinka da ya rasa na abincin Sallah yana kallo.

Sai batun ƙasaru. Tazarar ƙasaru a wurin jamhurun malamai baridi huɗu ce, mil 48, wato kilomita 80 da 'yan kai, kuma daga Batsari ko Safana zuwa Kano ya haura haka. A kan hanya za ka yi ƙasaru. Idan ka isa da niyyar zaman kwana huɗu cikakku, to a mazhabar Malikiyya da Shafi'iyya za ka cika sallah tun daga isarka. Hanafiyya sun ce sai kwana 15. Idan ka bi limamin gari, ka cika tare da shi.

Wanda kuma bai samu halin tafiya ba, kada ya ji ya gaza. Wuni guda a gida, ka ajiye waya, ka zauna a tabarma da 'ya'yanka, yana iya fin tafiyar da aka dawo ana fushi da juna.

Allah Ya ba garuruwanmu zaman lafiya, Ya mayar wa yaranmu barcinsu a ɗakunan iyayensu, Ya kai matafiya lafiya Ya dawo da su lafiya. Allah Ya saka wa Goggo da alheri.

Wallahu a'alam.