Wa Ya Fi Kowa? Gardamar 'Yan Dambe a Suk al-Shabi

Kasuwa biyu ke amsa sunan Suk al-Shabi, ɗaya a Khartum, ɗaya a Omdurman, tsallaken kogin Nilu. Kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, dukansu wuraren jira ne: jiran mota ta cika, jiran kaya su iso, jiran rana ta yi sanyi. Mata na dafa shayi da gahawa a kan gawayi, gefe guda hayaƙin agashe na tashi, tsiren nan da Hausawa suka koya wa mutanen Sudan. Da yawa cikin Hausawan Sudan jikokin alhazan ƙafa ne, wasu kuma na waɗanda suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Inda jira ya yi tsawo gardama ba ta rasa gurbi. Ta ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa Hilal da Marikh ce kan gaba, amma akwai wata da ta fi ta wuyar yankewa: a 'yan damben duniya, wa ya fi kowa?

Mai son lissafi yana da hujjarsa a hannu. Rocky Marciano ya yi wasa 49 bai faɗi ko ɗaya ba, Floyd Mayweather ya kai 50. Joe Louis ya riƙe kambun masu nauyi daga 1937 zuwa 1949, ya kare shi sau 25. Matasa kuwa Mike Tyson suke ambata, wanda ya zama zakara a 1986 yana da shekara 20, sai dai ba su cika son a tuna musu da Buster Douglas da ya doke shi a Tokyo a 1990 ba. Masana sana'ar da yawa Sugar Ray Robinson suke sa wa a gaba, saboda ƙafa da hannu da ido.

Duk da haka sunan da ke rufe bakin mutane shi ne Muhammad Ali, mutumin da aka doke har sau 5 cikin wasa 61. A lissafi ba shi ne na ɗaya ba. To me ake aunawa?

Bahaushe ya san wannan matsala tun daga gida. Dambe sana'ar mahauta ce asali, ana ɗaure hannu ɗaya da kara, ɗayan ya zama garkuwa, a yi turmi uku, wanda ya kai ƙasa an kashe shi. Ba a ajiye wa Shago ko Ɗandunawa ko Ado Ɗan Kware littafin ƙidaya ba. Abin da ya tsayar da sunan Shago har yau shi ne bakin mawaƙi Ɗan Anace. Ƙila an yi wasu masu hannu kamar nasa a ƙauyukan Zamfara da Katsina da suka mutu ba makaɗi, sunansu ya bi su kabari. Ali shi ya yi wa kansa kirari, ya yi wa kansa roƙo, talabijin ta kai muryarsa inda kalangu ba ya kaiwa. Rabin gardamar wa ya fi kowa, gardama ce a kan wa aka fi ba da labarinsa.

Sauran rabin ya fi nauyi. A Afrilun 1967 Ali ya ƙi shiga sojan Amurka lokacin yaƙin Biyetnam, ya ce addininsa ya hana shi. Aka ƙwace kambunsa, aka hana shi dambe fiye da shekara uku, daga yana da 25 zuwa 28, lokacin da ƙarfin ɗan dambe ke kan ganiyarsa. Sai a Yunin 1971 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin da aka yanke masa. Ya dawo, ya kayar da George Foreman a turmi na takwas a Kinshasa ranar 30 ga Oktoban 1974. Mutanen Khartum kuma sun gan shi da idonsu a Nuwamban 1988, lokacin da Sadiƙ al-Mahdi ke firayim minista, shekarar ambaliya da yunwa. Ya zo jiki ya riga ya yi sanyi, magana ta yi nauyi, aka ɗauki hotonsa yana addu'a tare da yara a masallaci. Wanda ya zaɓi Ali a Suk al-Shabi, yawanci wannan mutumin yake zaɓa, ko da bakinsa na zancen Kinshasa.

A nan malami zai gyara zama. Shekara guda kafin ziyarar, a 1987, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yanke cewa damben zamani yadda ake yin sa haramun ne, domin an gina shi a kan cutar da abokin karawa, ga kuma hanin dukan fuska da ya zo a hadisi. Kokawar da ba cuta a cikinta ba ta shiga hukuncin ba. An ruwaito ma Annabi (SAW) ya kayar da Rukana. Shi ya sa kokawar Nuba da aka saba yi ran Juma'a a unguwar Haj Yusuf ba ta tayar da irin wannan tambaya. Dambe kuwa yana da gawarwakinsa. Jimmy Doyle ya mutu bayan karawa da Robinson a 1947. Duk-koo Kim ya mutu a 1982, abin da ya sa aka rage wasannin kambu daga turmi 15 zuwa 12. Shi kansa Ali an gano yana da cutar Parkinson a 1984, ya yi fama da ita har rasuwarsa a 2016. Ta yaya za a ce wane ya fi kowa a aikin da malamai suka ce bai halatta ba?

Amsa mafi sauƙi ita ce a raba gwaninta da daraja. Ana iya cewa wane ya fi iya abu ba tare da an ce abin alheri ne ba. Daraja kuwa, Suratul Hujurat ta ɗora ta a kan taƙawa, wadda babu alƙalin wasa da ke ganin ta. Hadisin Abu Huraira da ke Bukhari da Muslim ma ya ɗauke ƙarfi daga mai kayar da mutane ya ba mai mallakar kansa lokacin fushi. Masoya Ali na son wannan ma'auni, amma bai bar gwaninsu lafiya ba. A 1967 ya yi ta jibgar Ernie Terrell turmi 15 saboda ya kira shi da tsohon sunansa. Joe Frazier, wanda ya tallafa masa lokacin da aka hana shi wasa, ya sha zagi da kwatanci da goggon biri kafin wasan Manila na 1975, ya kuma daɗe da wannan tabo a zuci. Masu kirari ba sa kawo wannan.

A ganin mai wannan rubutu, in dambe zalla ake nufi, Robinson ne, Louis na biye. In kuma ana nufin wanda aka ajiye wa duniya a gabansa ya ture ta saboda abin da ya yi imani da shi, to Ali ne, da sharaɗin duk wanda ya ambaci 1967 ya ambaci Terrell tare da Biyetnam, domin tsakanin abubuwan biyu wata uku ma ba a cika ba.