Ungulu da Gauraka: Wa Ya Cancanci Tausayi?

A hutun ƙarshen zangon karatu da ya gabata na je gida, sai mahaifiyata ta aike ni kwata in sayo mata kayan ciki. Kwata ce da na sani tun ina yaro, a zamanin da ba a iya ganin kwanon rufinta saboda yawan ungulayen da ke jere a kai, wasu bisa tsamiya, wasu a ƙasa suna ɗingishi tsakanin ƙafafun mahauta kamar kajin gida. Mu yara kuwa ba mu da aiki sai jifarsu, kuma ban tuna ranar da wani babba ya tsawata mana ba. A wannan zuwa na ɗaga kai na duba gabas da yamma, ban ga ko guda ɗaya ba. Na tambayi wani dattijon mahauci na ce, "Baba, ina ungulayen nan suka shiga?" Ya ci gaba da wasa wuƙarsa ya ce, "Ɗana, ai sun daɗe da yin ƙaura. Zamani ne ya lalace."

Dattijon ya yi gaskiya a rabin maganarsa, amma ungulaye ba ƙaura suka yi ba, ƙarewa suke yi. A shekarar 2015 Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, wato IUCN, ta sanya nau'o'i huɗu na ungulayen Afirka a matakin haɗari na ƙoli, wanda daga shi sai ɓacewa daga daji, kuma cikinsu har da wannan ƙaramar ungulu tamu ta kwata da bola. Abubuwa biyu ne suka fi cin su: guba da fatauci. Makiyayi ko mafarauci zai zuba maganin ƙwari a mushe don kashe kura ko karen daji, ungulaye su sauka su ci su mutu a tare. A kasuwannin magungunan gargajiya na arewaci da kudancin Nijeriya kuwa, kan ungulu da ƙafarta da ƙwanta sun zama haja mai tsada, domin akwai masu imanin cewa suna kawo sa'a ko hangen abin da ke ɓoye. A shekarar 2020 an tsinci gawarwakin ungulaye fiye da 2,000 da aka kashe da guba a ƙasar Gini Bisau, wasunsu an cire musu kawuna. Tsuntsuwar da ƙwai ɗaya tak take sakawa a shekara ba ta da hanyar mayar da irin wannan asara.

To, tambayar da wannan maƙala ke son ta tattauna ita ce: in ungulu ta ƙare, me aka yi? Shin laifi ne aka aikata, ko kuwa asara ce kawai irin ta fatake? Na tabbata da dama cikin masu karatu za su ce a ransu Allah ya raka taki gona. Bahaushe bai taɓa son ungulu ba. Ya kira ta ƙazama, ya yi mata ba'a da sanƙonta, in ya so kwatanta mayaudari sai ya ce an yi masa ungulu da kan zabo, in ya so kwatanta wanda ya koma mugun halinsa sai ya ce ungulu ta koma gidanta na tsamiya. Yabo ɗaya da na san ya yi mata shi ne cewa ba ta jewar banza, shi ma in an duba da kyau zargi ne na kwaɗayi.

Hujjar da aka fi kawowa don kare ta ita ce hujjar amfani, kuma hujja ce mai nauyi. Cikin ungulu yana da tsami mai ƙarfin da yake kashe ƙwayoyin cututtukan da ke cikin mushe, kuma garkensu yakan share gawar dabba kafin ta ruɓe. Ƙasar Indiya ta ga abin da ke faruwa in wannan ma'aikaci ya bar aiki. A shekarun 1990 masu shanu a can suka fara yi wa dabbobinsu allurar wani maganin kashe zafin ciwo mai suna diclofenac, ba tare da sanin cewa yana lalata ƙodar duk ungulun da ta ci naman dabbar da ta mutu da shi a jikinta ba. Sai a shekarar 2004 aka bayyana musabbabin, aka haramta ba dabbobi maganin a 2006, amma kafin nan wani nau'in ungulu da ake ƙirgawa da miliyoyi ya ragu da fiye da kashi 99 cikin ɗari. Mushe ya taru, karnukan titi suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru, ruwan sha ya gurɓace. A 2024 wasu masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, suka ƙiyasta cewa rashin ungulaye ya jawo mutuwar mutane kimanin 500,000 a Indiya tsakanin 2000 da 2005.

Duk da haka, ni wannan hujja ba ta gamsar da ni gaba ɗaya ba, kuma ga dalilina. In amfani ne kaɗai ma'aunin, to shi ma mai sayar da kan ungulu amfani yake nema, kuma nasa ya fi kusa: kuɗi ne a hannu yau, da zai sayi hatsi ya kai wa iyali. Mu da ke zaune a ɗakin karatu ba mu da bakin da za mu raina wannan buƙata. Bugu da ƙari, in wata rana hukumomin tsabta suka wadata da motocin kwashe shara da wuraren ƙona mushe, ashe ke nan ungulu ta tashi daga aiki, kowa yana iya yin yadda ya ga dama da ita? Wanda ya rataya ran halitta a kan amfaninta ya ba ta wa'adi ne kawai, ranar da aka sami madadinta wa'adin ya cika.

Wani zai ce to a bar amfani, a koma ga ƙauna, domin abin da mutum yake so shi yake karewa. A nan ne labarin gauraka ya shigo. Babu tsuntsun da ya kai shi kwarjini a ƙasar Hausa, ga tsayi, ga tukku mai ruwan zinariya, ga tafiya ta ƙasaita, har ana kiransa tsuntsun ƙasa na Nijeriya. Amma a yau da wuya mutum ya gan shi a dajin Nijeriya. Fadamun da yake hayayyafa a ciki sun ƙanƙance, kamar na Haɗeja da Nguru waɗanda ambaliyarsu ta ragu bayan gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. Sauran kuwa kama su aka yi ta yi, ana kai wa masu hali su ajiye a farfajiyar gida don ado, inda ba kasafai suke hayayyafa ba. Wato ƙiyayya ta ci ungulu, ƙauna ta ci gauraka. Abin da ya haɗa su shi ne cewa a duka halin biyu mutum kansa yake kallo, bai taɓa kallon tsuntsun ba.

A ganina kuskuren yana cikin ɗaukar kashe tsuntsu ɗaya da ƙarar da jinsi a matsayin abu guda, sai dai bambancin yawa. Ba haka ba ne. Wanda ya yanka zabo ya ci ya ɗauki rabonsa daga abin da zai sake tsirowa. Wanda ya ƙarar da jinsi ya toshe rijiyar ne bayan ya sha, ya yanke hukunci a madadin mutanen da ba a haifa ba, waɗanda ba a yi shawara da su ba, kuma hukunci ne da babu ɗaukaka ƙara a kansa. Babu wanda ya ƙera ungulu a cikinmu, babu kuma wanda zai iya dawo da ita. Abin da mutum bai yi ba, kuma ba zai iya mayarwa ba, amana ce a hannunsa ko da ya ga muninta, kamar yadda mai riƙon dukiyar maraya ba ya da ikon zubar da tsohuwar tukunya don ba ta burge shi ba.

Abin da ya sa wannan laifi yake da wuyar kamawa shi ne ba shi da mai shi. Mai guba zai ce kura ya nufa, ɗan kasuwa zai ce saye ya yi, mai magani zai ce nema aka yi a wurinsa, mu kuma da muka yi jifa muna yara za mu ce wasa ne. Kowa ya ɗebi kaɗan, kowa yana ganin akwai saura da yawa. Haka mutanen Amurka suka ɗauka game da wata tantabarar daji da garkenta yakan rufe hasken rana in yana wucewa, har ana ƙiyasta yawanta da biliyoyi. Ta ƙarshe a duniya, wadda aka sa wa suna Martha, ta mutu a keji a gidan namun daji na birnin Sinsinati ranar 1 ga Satumba, 1914.

Mu ɗaliban harshe muna da namu kason na wannan asara, ko da ba mu lura ba. Karin magana yana rayuwa ne muddin mai sauraro yana iya ganin hoton da ke cikinsa. Kafin in dawo makaranta na ce wa wani ƙanena ɗan shekara tara, da na ga yana ta kewaya madafa, "Ungulu, ba kya jewar banza." Ya tsaya ya dube ni, sa'an nan ya ce, "Yaya, mece ce ungulu?" Na fara kwatanta masa sanƙon kai da dogon wuya da yadda take shawagi a sama ba tare da kaɗa fiffike ba, na ga dai bai gane ba, daga ƙarshe sai da na nemo masa hotonta a waya.