Mudun Uwargida da Haƙƙin Baƙo

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce baƙonka annabinka, kuma da wannan magana aka rene mu. Da ita muke bugun ƙirji a gaban maƙwabtanmu na sauran ƙabilu, musamman mu da neman ilimi ko neman abinci ya raba mu da garuruwanmu. Mukan ce Bahaushe ba ya tambayar baƙo abin da ke tafe da shi sai ya sha ruwa ya ci abinci. Wannan gaskiya ce. To amma akwai wata tambaya da ba kasafai muke yi wa kanmu ba, wato idan baƙo ya yi sallama bayan an riga an kwashe tuwo, rabon wa ake ɗauka a ba shi? Manufarmu a wannan ɗan rubutu ita ce mu duba wannan tambaya, mu ga ko auna abinci da tsara cefane, waɗanda zaman yau ya tilasta mana, sun ci karo da karimcin da muka gada.

Wani dare

Bari mu fara da wani dare wanda da wuya a sami ɗayanmu da bai taɓa ganin irinsa ba. Gida ne na ƙaramin ma'aikaci, ciki da falo, wata ya kai ashirin da biyar, albashi bai shigo ba. Uwargida ta auna shinkafa daidai bakin mutanen gidan, ta dafa, ta zuba wa yara tasu, ta rufe ta maigida, ta ajiye tata a gefe sai ta idar da sallar isha'i. Ana cikin haka sai aka yi sallama. Kawun maigida ne ya taso daga gida tun asuba, tare da ɗansa wanda ya zo neman gurbin karatu. Maigida ya tare su da murna, aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa, aka gaisa, aka tambayi mutanen gida. Sannan ya leƙa ciki ya ce, "A kawo wa su Kawu abinci." Ita kuwa ta ce, "To, Malam," ta juye tata a kan tasa, ta ƙara ɗan ruwa a miya, ta aika. Maza uku suka ci suka yi hamdala. Da ya tambaye ta daga baya ko ta ci, sai ta ce ai ta ci tun ɗazu. Washegari Kawu zai yi ta sa wa ɗan ƙanwarsa albarka, in ya koma gida kuma ya ba da labari cewa wane bai yar da zumunci ba. Sunan wadda ta kwana da yunwa ba zai fito a labarin ba.

Ba mu kawo wannan misali don mu ga laifin wani ba. Maigida ya yi abin da ya ga mahaifinsa yana yi, Kawu kuma ba shi da wata ƙofa da zai nufa a garin da bai san kowa ba. Duk da haka an wayi gari wani ya sami yabo, wata kuma ta biya kuɗin yabon da cikinta, har sai da ta haɗa da ƙarya don ta rufa asirin gida. Idan al'ada ta kai mu ga irin wannan, ya kamata mu tsaya mu duba ko mun riƙe ta yadda aka ba mu.

Yadda muka taras

A gidajen da muka tashi, baƙo yana cikin lissafi tun kafin ya iso. Ginin gidan kansa ya tanade shi, domin ga zaure inda ake saukar namiji, a gidan mai hali kuma har da ɗakin baƙi. Iyayenmu mata idan sun ɗora sanwa suna auna gari, bayan sun fitar da na mutanen gida sukan ƙara hannu ɗaya ko biyu, su ce rabon baƙo ne. In baƙon ya zo ya tarar da malmalarsa, in bai zo ba almajiri ya samu, abin da ya saura kuma a yi ɗumame da safe. Bugu da ƙari ga ciyayya, inda magidanta huɗu ko biyar kan hallara a ƙofar gida bayan magariba, kowa da akushinsa. A irin wannan zama baƙon mutum ɗaya ya zama baƙon unguwa, loma biyu daga kowane akushi ta ishe shi, babu kuma gidan da zai ji nauyinsa.

Ko a zangunan da magabatanmu suka kafa a Kudu haka abin yake. Unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, ta ginu ne a kan saukar baƙi. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya zauna da mutanen unguwar a farkon shekarun 1960, ya kuma fitar da littafi a kansu a 1969, ya bayyana yadda masu gidaje ke saukar da fatake, su ba su ɗaki da abinci, su haɗa su da dillalai, su kuma tsaya musu a kan bashin da suka bayar. Gaskiya ne akwai la'ada a cikin wannan hidima, don haka ba za mu kira ta karimci tsantsa ba. Abin lura a nan shi ne an gina ɗakunan tun kafin fatake su iso, an kuma san inda kuɗin tuwonsu zai fito. Ashe ke nan magabatanmu ma suna auna abinci, sai dai su sukan auna har da wanda bai zo ba tukuna.

Abin da ya sauya

Yau yawancinmu ba mu da rumbu. Rumbu ya koma buhu, buhu ya koma mudu, a wasu gidajen ma mudu ya koma gwangwani. Tun daga 1986, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirinta na gyaran tattalin arziki darajar naira ta zube, mai albashi ya fara koyon ƙirga kwanakin wata da cefane. Janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya ƙara tsawwala abin. Gidajen haya ba su da zaure, maƙwabci kuma sau da yawa ba mu san ko sunansa ba, balle a yi ciyayya. Har ila yau, wayar salula da ta shigo Nijeriya a 2001 ta kawar da babban uzurin baƙon da, wanda ba shi da hanyar aiko da sanarwa sai ta bakin direban mota ko wasiƙar da kan iso bayansa.

Daga nan ne ra'ayi ya rabu biyu a tsakaninmu. Wasu na cewa zamani ya sauya, duk mai son zuwa gidan mutum ya kira tukuna, in bai kira ba kada ya ga laifin kowa idan ya tarar an wanke tukunya. Wasu kuwa na ganin wannan rowa ce aka sa wa rigar boko, suna cewa baƙo da arzikinsa yake zuwa, kuma ranar da Bahaushe ya fara ƙirga lomar baƙo ranar ya tashi daga Bahaushe. Kowane ɓangare yana da abin kamawa. Na farko ya ga wahalar da ke cikin gida, na biyu kuma ya ga abin da za mu rasa idan muka rufe ƙofa. A ganinmu kuskurensu ɗaya ne, wato duka biyun sun ɗauka cewa ma'auni da karimci ba sa zama a tukunya ɗaya.

Ma'aunin addini

Idan muka koma ga addini za mu tarar ya yi wa lamarin ma'auni tun tuni. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya ɗaura girmama baƙo da imani da Allah da ranar lahira, wanda ke nuna cewa abin ya wuce ganin dama. Amma kuma an yanka masa iyaka: yini da dare ɗaya na karramawa ta musamman, liyafa kwana uku, abin da ya wuce haka sadaka ne, sannan bai halatta baƙo ya yi ta zama har ya ƙuntata wa mai masaukinsa ba. Wato an ba baƙo haƙƙi, an kuma kare mai gida.

Akwai kuma labarin nan sananne na wani daga cikin mutanen Madina da ya tafi da baƙon Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zuwa gidansa, alhali ba abin da ke gidan sai abincin yara. Aka lallashi yaran suka yi barci, aka kashe fitila, shi da matarsa suka riƙa nuna kamar suna ci har baƙon ya ƙoshi. Mukan ji wannan labari a wa'azi, mu yi ta mamakin karimcin mutumin, amma akwai abu biyu da mukan tsallake. Na farko, sai da ya yi magana da matarsa ya san abin da ke cikin tukunya, suka shirya abin tare. Na biyu, su biyun ne suka kwana da yunwa. A gidan ma'aikacin da muka ambata a baya, maigida bai san abin da ke tukunya ba, kuma ya ci ya ƙoshi tare da baƙinsa. Tuwon girma, in ji Hausawa, miyarsa nama ce, kuma wanda za a girmama shi ya kamata ya sayi naman. Wanda ya yi baƙunci da rabon matarsa ba da saninta ba, kyauta ya yi da kayan wani, ko da kuwa shi ya ba da kuɗin cefanen.

Baƙon da aka gayyata

Wani abu da zai nuna mana cewa matsalar ba ta rashi kaɗai ba ce shi ne bikin zagayowar ranar haihuwa, wanda ya sami gindin zama a gidajen 'yan boko da dama. Ba za mu shiga muhawarar malamai a kan hukuncinsa ba, domin ba ita ce a gabanmu ba. Abin da ya ja hankalinmu shi ne yadda mukan shirya masa. Tun saura mako biyu an ƙirga waɗanda za a gayyata, an yi odar kek, an tanadi lemo da kaji, an san kujera nawa za a aro. Wannan ya nuna mun iya tanadi idan mun so. Sai dai su wa muke gayyata? Galibi 'ya'yan abokan aiki ne da na maƙwabta masu hali irin namu, waɗanda suka ƙoshi a gidajensu, waɗanda kuma za su gayyace mu idan nasu ya zo. Ƙwarya ce ke bin ƙwarya. Ba laifi ba ne a faranta wa yaro rai, amma ya kamata mu tuna cewa hadisi ya soki walimar da ake kiran mawadata a bar matalauta. Gidan da ya iya ware kuɗin kek tun farkon wata, amma ya ɗaure fuska don ɗan'uwa ya zo jinya daga ƙauye, bai isa ya fake da tsadar rayuwa ba. Baƙon da aka gayyata zai rama mana. Wanda ya faɗo da daddare da jakarsa a hannu mai yiwuwa ba zai taɓa iya ramawa ba, kuma a kansa ne ake gane ko karimcinmu na Allah ne ko na biki.

Nauyin da ke kan baƙo

Kowannenmu mai masauki ne yau, gobe kuma baƙo, don haka wajibi ne mu faɗa wa kanmu gaskiya ta wannan ɓangaren ma. Wanda ke da waya a aljihu, ya kuma san ranar tafiyarsa tun mako guda, amma ya ƙi sanarwa, ya jefa matar gida cikin wahalar da kira ɗaya zai kawar. Magabatanmu ba sa zuwa hannu rabbana, sukan riƙo ɗan gero ko daddawa ko kuka a matsayin tsaraba, kuma wannan tsaraba rabin hikimarta rage wa tukunya nauyi ne. Sun kuma ce baƙo raɓa ne, wato ba a san shi da daɗewa ba. Waɗanda ke ɗalibai a cikinmu sun san yadda mukan tashi mu uku ko huɗu ranar Asabar mu nufi gidan wani ɗan garinmu a cikin gari, mu kuma daidaita isarmu da lokacin sauke tukunya. Mukan kira wannan ziyara, mu dawo muna yabon kirkin maigidan, ba tare da mun tambayi kanmu abin da yaran gidan suka ci da daddare ba.

Duk da haka, ba mu yarda a mai da sanarwa sharaɗin buɗe ƙofa ba. Akwai wanda mota ta lalace masa a hanya, akwai wanda ya kawo mara lafiya asibiti cikin gaggawa, akwai kuma wanda kunya ta hana shi kira don ya san ba shi da abin riƙowa. Irin waɗannan su ne ainihin waɗanda aka yi haƙƙin baƙo dominsu.

Kammalawa

A taƙaice, amsarmu ga tambayar da muka fara da ita ita ce, bai kamata a ɗauki rabon kowa a ɓoye ba. Kamata ya yi baƙo ya kasance da nasa rabon tun ranar da aka yi lissafin wata. Idan an karɓi albashi, a ware mudu ɗaya na shinkafa ko na gari da ɗan mai a ajiye da sunan wanda bai zo ba, kamar yadda iyayenmu mata ke ƙara hannu a sanwa. Idan baƙo ya zo ajiyar ta ƙare, maigida ya shiga ciki ya tambaya kafin ya yi umarni, in kuma dole sai wani ya haƙura, to ya fara da kansa. Inda muke da 'yan'uwa a kusa, a gidajen ma'aikata ko a ɗakunan kwanan ɗalibai, mu raya ciyayya ko da sau ɗaya ne a mako, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kada kuma mu ji kunyar gabatar da abin da ya sawwaƙa, ko kunu ne ko garin rogo, tunda shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Sannan idan Kawu ya tashi tafiya yana sa albarka, ba abin da zai ragu daga girman maigida idan ya ce, "Kawu, a sa wa mai ɗakin nan albarka, ita ta yi hidimar." Allah ya buɗa mana, ya ba mu abin da za mu ci mu kuma ciyar, amin.