Suna linzami ne: wane take ya dace da hoton duƙushi?

Hausawa na cewa suna linzami ne. Mutum na tafiyarsa cikin kasuwa, da an ambaci sunansa sai ya waiwayo kamar dokin da aka ja wa linzami. To amma ga wata tambaya da ta cancanci a zauna a kanta: mai zane ya gama zana duƙushi, ɗan dokin da bai taɓa jin ƙarfe a bakinsa ba, ya rage masa kalma biyu ko uku da zai rubuta a ƙarƙashin hoton. A bakin wa wannan linzami zai shiga? Dokin dai fenti ne a kan ƙyalle, ba ya ji ba ya gani. Idon mai kallo ne ake ja, shi ake juyawa dama ko hagu. Saboda haka raɗa wa hoto suna amana ce tsakanin mai zane da mutanen da za su tsaya gaban aikinsa, har da waɗanda ba a haifa ba tukuna.

Wanda ke ganin take ƙaramin abu ne, ya dubi abin da ya faru a birnin Benis na ƙasar Italiya a shekarar 1573. Paolo Veronese ya zana wa wani gidan ibada hoton jibin ƙarshe na Annabi Isa da almajiransa, hoto mai faɗin fiye da mita 13. Kotun coci ta kira shi, ta tuhume shi da cusa ƴan kama, da wadanni, da mashaya, da sojojin Jamus cikin al'amari mai tsarki, ta kuma ba shi wata uku ya gyara. Veronese bai goge kowa ba. Suna kawai ya sauya, ya kira hoton «Walima a gidan Lawi», magana ta mutu. Fenti bai motsa ba, amma abin da mutane ke gani ya sauya. A 1935 kuma René Magritte, mutumin Beljiyam, ya zana kan doki ya rubuta kalmar «ƙofa» a ƙarƙashinsa, don ya nuna cewa igiyar da ke tsakanin suna da abu mutane ne suka ɗaura ta.

Harshenmu ba matalauci ba ne a sha'anin dawaki. Wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan salla a ƙofar fadar Damagaram ko ta Maraɗi ya ji ana kiran akawal, da kili, da danda, da hurde, da gunya, kowane da launin jikinsa. Muna da ingarma, muna da goɗiya, muna da ƙuru. Waɗannan sunaye na abin da ya riga ya tsaya ne. Duƙushi kuwa sunan zango ne a kan hanya. Ƙafafunsa sun fi ƙarfin jikinsa tsawo, bai san sirdi ba, bai san likkafa ba, ko launinsa ma wani lokaci bai zauna ba, domin masu kiwon dawaki sun san akwai dokin da ake haifa da duhun gashi, ya riƙa yin haske yana girma. Wahalar ke nan: ana son a sa tsayayyen suna a kan abin da bai gama zama ba.

Hanyoyi uku ne ke gaban mai zane. Ta farko ita ce ya kira hoton da abin da yake fatan dokin zai zama: «Ingarman gobe», ko «Dokin sarki». Irin wannan take yana da daɗi a kunne, kuma ana iya kafa masa hujja da cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Sai dai yana ɗora wa duƙushi sirdin da bayansa bai isa ɗauka ba. Mai kallo zai daina ganin dabbar da ke gabansa, ya shiga neman alamun wadda aka yi masa alkawari. Ta biyu ita ce ya ɗauko babbar kalma, kamar «Ƴanci» ko «Ƙuruciya». Nan kuma doki ya zama ɗan aike, ya kawo saƙo a sallame shi. Mai kallo ya karanta, ya kaɗa kai, ya wuce, don an riga an gaya masa abin da zai ji a zuciyarsa. Ta uku ita ce ya faɗi gaskiyar da ido zai iya shaidawa, ya tsaya nan.

Wannan hanya ta uku Bajamushen nan Franz Marc ya bi a 1911. Ya zana wani matashin doki a tsaye, ya karkata kai gefe kamar mai tunani, bayansa tuddai masu launin ja da rawaya da kore. Dokin shuɗi ne tamkar an tsamo shi daga marina. Marc yana da ma'anar da ya ba kowane launi: a wurinsa shuɗi na nuni ga namiji da kuma ruhi, kamar yadda ya bayyana wa abokinsa August Macke cikin wata wasiƙa a 1910. Da ya so, da ya zuba wannan falsafa cikin take. Amma sunan hoton, wanda ke ajiye a gidan Lenbachhaus na birnin Munik, shi ne «Shuɗin doki I»: launi, da dabba, da lamba. Shekara biyar bayan haka, a watan Maris na 1916, aka kashe Marc a fagen yaƙi kusa da Verdun yana da shekara 36. Wanda ya san wannan yana iya kallon dokin ya tuna samarin da yaƙin duniya na farko ya ci. Yaro ƙarami yana iya kallonsa ya yi murna da ganin doki shuɗi. Taken ya ɗauki dukansu biyu, domin bai rufe wa kowa ƙofa ba.

Wani zai ce, in haka ne, a bar hoton babu suna mana. Sai dai abin da mai shi bai raɗa wa suna ba, jama'a za su raɗa masa. Dawakan da aka zana a kogon Lascaux na ƙasar Faransa, wanda wasu samari suka gano a 1940, sun yi kimanin shekara 17,000 babu take. Masu bincike suka ga wasunsu sun yi musu kama da zanen mutanen Sin, suka laƙaba musu «dawakan Sin», alhali masu zanen ba su taɓa jin labarin wannan ƙasa ba. Laƙabin ya bi su har yau. Kuma akwai taken da ke ƙara wa ido gani. Babban hoton da Marc ya zana a 1913, na dabbobi a tsakiyar daji mai rugujewa, Paul Klee ne ya ba da shawarar a kira shi «Makomar dabbobi», sunan kuma ya taimaki masu kallo su kama bakin zaren abin da ke gabansu. Ashe ma'aunin shi ne: take ya ba mai kallo abin da zai riƙe, kada ya yi kallon a madadinsa. In zai faɗi wuri, ko lokaci, ko halin da dabbar ke ciki, madalla. «Duƙushi a turke da hantsi» ya fi «Ƴanci» mutunta doki da mai kallonsa.

Mu malamai wannan magana ta shafe mu fiye da kowa, domin kullum muna rubuta take a ƙarƙashin duƙusai. Kalmar da malami ke sa wa a takardar sakamakon ɗalibi, «daƙiƙi», ko «malalaci», ko ma «haziƙi», tana riga yaron shiga aji na gaba. Malamin da zai karɓe shi ya karanta kafin ya ga fuskarsa, uba ya karanta a gida, yaron kansa ya karanta ya yarda. Suka na karya shi, yabon da ya wuce kima kuma na ɗora masa kayan da zai yi shekaru yana nishi a ƙarƙashinsu. Wanda ya rubuta «bai riƙe ƙa'idar jam'i ba a wannan zango» ya faɗi gaskiya, ya kuma bar wa gobe wurinta. Wanda ya rubuta «ba zai yi karatu ba» ya shiga abin da Allah kaɗai ya sani.

Masu horon dawaki ba su fara wa duƙushi da linzami, don ƙarfen yana da tsanani, yana iya lalata bakin da bai ƙosa ba. Da ragama ake fara jansa, igiya mai sassauci wadda ke nuna hanya ba tare da ta ji masa ciwo ba. Sunan da ya dace da duk abin da bai gama girma ba, hoto ne ko yaro, irin wannan ne. Allah ya ba mu ikon faɗin abin da muka gani, ya tsare harsunanmu daga yanke hukunci a kan abin da bai zo ba.